Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

A shekarun da bam ke tashi a tashoshin Gombe, ni da ke zaune a Kagarawal na zama shehin lissafi ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Bokona aji huɗu ya tsaya, amma rabawa kam na sha bulala a kanta har ta zauna.

Ɗanmu na fari direba ne, yana kai kayan gwari Maiduguri. Ya tafi, wayarsa ta daina shiga. Ana cikin haka wata baƙuwar lamba ta fara kirana. Lokacin kuwa gari ya ɗauka cewa mutanen dajin nan, waɗanda ko sunansu ba ma kamawa, kira suke yi. Ka ɗauka, sun san muryarka, sun san gidanka.

Waya na kuka a kan tabarma, muna kallonta kamar kunama.

"Malam, ka ɗauka mana," in ji matata.

"Hajiya, ba a yi wa ilimi gaggawa. Bari in binciko asalinta tukuna."

Na tsuguna a tsakar gida da tsinke, na zana lambar a ƙasa, doguwa kamar layin mai. Muna yara mun yi wasan cika da mara, to wannan mara ce, biyu ba ta raba ta. Na gwada uku, ta bar saura. Biyar ko kallo ba ta ishe ta ba. Bakwai ta sa ni gumi. Sha ɗaya, sha uku, duk inda na yanka sai wutsiya ta fito.

"Kin gani? Lambar mutumin kirki tana rabuwa, tana da dangi. Wannan ba uwa ba uba, ba ta yarda da kowa ba sai kanta. 'Yar daji ce."

"Kai da kaza ta tone maka rabin lissafin?"

"Kazar ma ta ga abin da na gani."

Mutanen daji ina tsoronsu, amma akwai muryar da na fi tsoro, wadda za ta yi sallama a hankali ta ce in yi haƙuri. Muddin ina rabawa, yaron yana da rai.

Ina kokawa da sha bakwai wayar ta sake kuka. Hajiya ta tsallake ni, ta taka lissafin, ta danna.

Muryar namiji ce, Hausarsa ta Barebari. "Nan ne gidan direban nan?"

Hajiya ta zauna daɓas. Ni kuwa har na fara jan Innalillahi.

Sai aka yi ƙus-ƙus, wayar ta sauya hannu.

"Inna, ni ne. An ƙona motar, a ƙafa na fita. Kwana nawa bawan Allahn nan yana ara mini wayarsa! Ina Baba ya shiga ne?"

Ta dube ni, hawaye har haɓa.

"Ga shi nan a tsugune, yana aiki."