Bokitin Baba Ya Bushe, Muka Yi Murna

"Wannan lamarin maza ne, ki cire hannunki. Duk bayan sati huɗu ni zan kai shi a canza masa robar, ko sama da ƙasa za su haɗu."

Yaya, maganarka ce wannan. Ka faɗe ta a barandar asibiti ranar da aka sallamo Baba, kana kaɗa makullin mota a yatsa. Na rubuta ta a nan don kada ta bi iska.

Ga wanda labari bai iske ba: Allah Ya karɓi ran mahaifinmu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da tsakar rana, yana da shekara saba'in da tara. Daga Allah muke, wurinSa za mu koma. Shi ne mai gyaran agogon nan na ƙarƙashin matakalar bene a bakin kasuwa. Robar fitsarin da ke jikinsa ranar da ya cika ta yi sati goma sha ɗaya ba a canza ta ba.

Baba, shagonka bai fi faɗin ƙofa ba, amma a cikinsa na koyi karatu, ina zaune ƙarƙashin tebur, agoguna suna ta surutu a kaina. Kakan kara agogo a kunne ka rufe ido, ka ce, "Wannan ba ciwo yake ba, sakaci aka yi masa." Akwai akwatin waɗanda masu su ba su dawo sun karɓa ba, sun fi talatin. Kowace safiya sai ka murɗa su ɗaya bayan ɗaya kafin ka buɗe shago. Na taɓa ce maka wahala kake ba kanka, rabin mutanen nan sun mutu. Ka ce, "To in magadansu sun zo fa, su tarar lokacin ubansu ya tsaya a hannuna?" Na ga ranar da wata tsohuwa ta zo neman agogon mijinta, shekara tara da binne shi. Ka miƙa mata yana tafiya, minti ɗaya bai yi latti ba. Ta kara shi a kunne, ta zauna a ƙasa.

Uwata kake kirana, don sunan mahaifiyarka aka sa mini. Duk littafin da na nuna da yatsa sai ka kawo shi gida, ko ba ka san abin da ke ciki ba. Kana cewa, "Karanta ki ba ni labari, ni idona na agogo ne."

Sai fitsari ya tsaya maka. Likita ya ce wani abu ne da kan kumbura wa maza in sun tsufa, ya matse hanya. Aka sa maka roba, aka haɗa ta da jakar da fitsarin ke taruwa. Lokacin da nas take bayanin yadda za a kula da ita, ina waje, bayan ƙofa, don an ce ba wurin mata ba ne. Ita nas ɗin mace ce, amma wannan bai dami kowa ba. Ta ba Yaya takarda. Bayan an binne ka na tsinci takardar a aljihun motarsa, ko ninkinta ba a buɗe ba. Layi na uku ya ce: idan fitsari ya daina zuba a jaka, a kawo shi asibiti nan take.

Ka kula da robar nan kamar yadda ka saba kula da komai, a tsanake, ba tare da ka nemi kowa ba. Ka ɗinka wa jakar aljihu ta cikin riga. Ka ajiye ƙaramin agogo mai ƙararrawa a gefen gado, yana kiranka ƙarfe goma, ƙarfe biyu, ƙarfe shida, ka rufe ƙofa ka juye jakar a bokiti mai murfi, Inna ta fitar. Ka rage shan ruwa don kada matarka ta riƙa zirga-zirga da bokiti a gaban jikoki. A kalandar bango ka zagaye ranar canji da jan biro. Ta wuce, ka zagaye wata. Ta wuce. Zagaye biyu ne a jiki, na uku ba ka rufe shi ba. Ba ka kira ɗanka ka tuna masa ba, don kana jin nauyinsa, shi mai ofis da taro.

Ranar Lahadi Inna ta bugo mini waya cike da murna. "An samu sauƙi! Yau kwana biyu bokitin a bushe." Na ce alhamdu lillahi. Ni, mai kabad uku na littattafai, na yi murna. Robar ta toshe, fitsarin yana komawa inda ya fito, mu kuwa muna yi wa juna barka.

Na zo ranar Litinin na same ka zaune a bakin gado, zufa na zubo maka kana rawar sanyi, hannunka ɗaya a ƙarƙashin riga, a kan mara. Na ce, "Baba, bari in duba."

Ka yi murmushi. "Uwata, in ɗa ya girma akwai abin da ko uwa ba ta gani."

Na ƙyale ka. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa shi ba. Na kira Yaya, ya ce yana taro, gobe da safe. Goben ta zo, aka kai ka asibiti, likita ya ɗaga rigar da ni na kasa ɗagawa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce abin ya riga ya shiga jini.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Agogon gefen gadonka bai daina ƙara ba. Irin wanda ake murɗawa kullum ne, in an bar shi kwana biyu sai ya mutu. Amma goma, biyu, shida, yana kira a ɗakin da ba kowa. Inna takan ja mayafi ta rufe kunne. Kwana bakwai da rasuwarka, masu gaisuwa sun watse, rana ta take, ƙarfe biyu ya buga na shiga ɗakin. Gado a gyare, bokiti a kife. Na taɓa agogon na ji da ɗumi, kamar yanzu aka ajiye shi.

Sai na ji motsi a banɗaki. Nishi, sannan ɗigo ɗaya. Shiru mai tsawo. Wani ɗigon. Sannan gyaran muryar nan taka ta mutumin da ba ya so a san yana ciki. Watanni na yi ina jin wannan kafin a sa maka roba, ba zan kasa gane shi ba. Ƙofa ta buɗe, shuɗiyar rigarka ta fito, da ranƙwafawarka, da hannu ɗaya a ƙarƙashin riga, a kan mara.

Baffa ne, ƙanenka da ke zaune a gidan, wanda aka ba kayanka. Ya ce, "Agogon ba ya son a bar shi, 'yata." Na leƙa ɗakinsa, kofin ruwan da aka kai masa tun safe yana nan cike. Inna ta ce ya fi wata uku a haka, ta dai ji nauyin faɗa.

Na gaya wa Yaya a ranar. Baba, ka san abin da ya ce? "Wannan lamarin maza ne. Sati mai zuwa zan kai shi." Yau kwana tara ke nan.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya sa wahalar kwana ukun nan da ka sha ba ka yi ko tari ba ta zama kankarar zunubi. Ya yalwata maka kabari, Ya sanyaya maka makwanci, Ya haɗa ka da uwarka ta gaskiya a gidan Aljanna. Inna, Allah Ya ba ki haƙurin shekara hamsin da biyu da aka yanke miki. Baffa, jikoki, maƙwabtan shago, da duk wanda agogonsa ke cikin akwatin nan, Allah Ya ba mu dangana. Yaya, kai ma ina yi maka ta'aziyya, ubanka ne, na kuma ga kukan da ka yi.

Amma ka saurare ni. Ranar Alhamis ƙarfe goma na safe agogon zai buga. In ya gama ƙara motarka ba ta ƙofar gida, ni zan ɗauki Baffa, ko yana so ko yana zagina. Zan shiga ɗakin likita tare da shi, in ji da kunnena, takarda ta shigo hannuna. In rigar na bukatar ɗagawa, ni zan ɗaga ta. Daga nan zan biyo ta ofishinka da agogon Baba, in murɗa shi har ƙarshe, in ajiye maka a kan teburin taro.