Kuɗin da Yaya Mika'ilu ya kulle

Yayana Mika'ilu manomin rani ne a bakin dam ɗin Watari, tumatir da albasa. Tun tasowarmu aibunsa ɗaya, bai iya cewa babu ba. Ya sayar da kwando talatin a Ɗambatta, kafin ya iso gida an rabe kuɗin: wannan suna, wancan biki, wancan rufin ɗaki. Kuma ba ya rantsuwa a kan ƙarya ko da wuƙa a wuyansa. Ni Mairo ƙanwarsa na yi faɗan har na gaji.

Bana da tumatir ya yi kuɗi, Mudassir mai POS ya nuna masa manhajoji biyu a waya. Ɗaya tana ajiye kuɗi, ta riƙa nuna maka inda suke tafiya, ka cira duk sanda ka so. Ɗayar kulle su take yi sai ranar da ka zaɓa, ko kai mai su ba ka isa ka taɓa ba.

Wai nan Yaya ya ga mafita. Ya ce, "Ka ga wannan ta biyun? Yanzu kowa ya zo sai in rantse masa ba ni da ikon ko sisi, kuma ban yi ƙarya ba." Ya zuba duka, wata shida, sai lokacin taki. Duka fa! Ko na cefane bai ware ba, ga matarsa Huseina da ciki.

Wata Talata da hantsi jini ya ɓalle mata. Muka kai ta asibiti a Ɗambatta, likita ya duba ya ce aiki za a yi, a wuce Kano yanzu-yanzu, a tanadi jini. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Leɓenta ya yi fari fat, hannunta a cikin nawa kamar randa da asuba.

Yaya ya ciro waya yana dannawa. Ga kuɗin nan ɓaro-ɓaro, a ƙasa an rubuta saura kwana tamanin da uku. Ya kira lambar kamfanin, wata murya ta yi ta Turanci tana cewa ya danna ɗaya. Ya kira Mudassir, shi kuma ya ce, "Baba, ai na faɗa maka, ba a buɗewa."

"Mairo, me zan yi?" ya tambaye ni. Ni da nake ganinsa kamar uba. Na daka masa tsawa na ce ya tafi ya sayar da ko mene ne.

Ya hau babur ya koma fadama ya kwance injin ban-ruwansa, ya kawo kasuwa ya bayar a rabin kuɗi. Wannan kai-kawon ya ci awa uku. Ina zaune ina ƙirga numfashinta, duk wanda ta ja sai in ce shi ne na ƙarshe.

A Kano aka ceto Huseina. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba; likita ya ce da mun zo da wuri.

Ranar da wa'adin ya cika, Yaya da Huseina suna zaune a tsakar gida wayar ta yi ƙara. Yaya ba ya karanta boko sosai, sai ya miƙa wa Huseina. Ta karanta masa a hankali: kamfanin yana taya shi murna, ya cika burinsa na tanadi.