Tsibin Tokar da Malam Ya Bari

Tsibin tokar nan da mijina, marigayi Malam, ya bari a bayan ɗaki, in sa a kai gona ne, ko in bar shi inda yake? Damina ta ƙarato, har yau na kasa yanke shawara. Rubuta yadda na faɗa, jikata, ko da kin ga ina kuka.

Ina yarinya a Ɗanzomo, bayan an ci tuwo sai mu kewaye murhun kakata, Iya Delu, ana gasa gyaɗa a rushi. In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna."

Wata shekarar yunwa, in ji ta, wata tsohuwa mai jikin rairayi ta bi gida-gida tana neman abinci, kowa ya ce babu. Mace ɗaya ce ta ji kunyar sallamar baƙuwa hannu wofi, ta kwashe tokar murhunta a ƙwarya ta miƙa mata, ta ƙara da ɓarɓashin suri, gidan gara. Tsohuwa ta cinye tas, ta kwanta a gonar matar, ta ɓace. Da ruwa ya sauka, geron wurin ya fi mahayin raƙumi tsawo.

"Ƙasa ce ta zo da kanta," in ji Iya. "Mai ciyar da kowa ma tana jin yunwa."

Da aka kawo ni Gagarawa na ba Malam wannan tatsuniya. Dariya ya yi, ya ce kakansa bai san tatsuniya ba, amma haka yake yi. Shi ma Malam duk rani yana tara toka da ƙasar kufai, yana jigila da jaki a mangala. Ko da takin zamani ya zo, yara suka ce ya huta, cewa ya yi wancan yana tashin shuka, wannan yana riƙe gona.

Yanzu 'ya'yana sun ce gona ta rame, a kwashe. Gaskiyarsu ce. Amma sawun shebur ɗinsa yana nan a jikin tsibin, in aka watsa shi shi ke nan.

Ranar da zazzaɓin ajalinsa ya kama shi, ya dawo daga gona da la'asar, ya kwanta ko alwala bai iya yi ba. Na kawo masa kunu, ya kau da kai, ya ce:

"Laraba, rufe mini sauran tokar da zana, kada iska ta kwashe. Gobe zan ƙarasa."