Kawu Bube da Ƙafar Gaban Jif Ɗina

Duk wanda ya san Kawu Bube ya san ba ya gaida mai mota sai ya fara gaida motar. Kana tsayawa a ƙofar gidansa, kafin ka kashe inji ya zaro tsohon buhun nan da yake ninkewa a aljihu, ya shimfiɗa, ya cire hula, ya shige ƙarƙashin gaban motar. Ƙafafunsa kawai za ka gani a waje. Wata rana wani babban ma'aikacin noman rani ya zo ƙauyenmu daga Wurno, ya fito yana miƙa hannu, sai ya tarar ba kowa a gabansa. Kunya kamar mu nutse. Can sai ga Kawu ya fito da baƙin mai a goshi.

"Ranka shi daɗe, yi haƙuri," in ji shi. "Kai na ga lahiyarka lau. Ita wagga ba ta da bakin hwaɗin abin da ka damunta."

Yayan mahaifiyata Kulu ne, shi ya sa har na yi furfura bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ɗan Kulu. Direba ne tun lokacin da ake gina madatsar ruwan Goronyo, shi yake kutsawa da injiniyoyi cikin fadama inda ba hanya. Can ya kwaso wannan ciwo nasa na aksul, wato ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin gaban mota, yake riƙe da tayoyin gaba yana juya su. Fenti bai dame shi ba, rediyo bai dame shi ba. A wurin Kawu mota ƙafar gaba ce, sauran duk ado ne.

Kun tuna ɗaurin auren 'yar ƙanensa a Rabah? Shi ne waliyyi. Liman ya zauna, an raba goro, aka nemi Kawu sama ko ƙasa. Sai ga ƙafafu sun leƙo daga ƙarƙashin motar ɗaukar amarya, babbar rigar ma ba a cire ba! Da ƙyar aka janyo shi. Wakilin ango ya nemi aure sau uku kamar yadda aka saba, aka juyo ana jiran Kawu. Ya gyara murya ya ce, "Mun ba da. Amma ba cikin motagga ba."

To, ni abin da ya shiga tsakanina da shi, wata shekara ce albasa ta yi mini kyau, na sayi tsohuwar jif don kwaso kaya daga gona. Sai na ga ba ta da ƙarfi. Abokai suka zuga ni, na kai ta birni aka cire injinta aka dasa mata wani ƙato, aka sa mata tayoyi manya masu kaushi. Ranar da na dawo da ita, tun daga nesa ƙauye ya san na iso. Na nufi gidan Kawu ina hura hanci, don ba yabon da nake so a duniya kamar nasa.

Ya shimfiɗa buhu ya shige. Ya daɗe. Da ya fito bai ko dube ni ba, sai kakkaɓe hula yake yi.

"Ɗan Kulu, wa yab ba ka shawaragga?"

"Kawu, ai ƙarfi aka ƙara mata."

"Ƙarhi! Kun sa mata cikin raƙumi, kun sa mata takalmin giwa, kun bar ta da ƙahwar akuya. Inji shi murɗa ta nan, taya ta kahe cikin laka ta riƙe ta can. Wa ka shan wuya tsakani? Ƙarhen ga. Randa kat taka totur kana murɗe da sitiyari, shina karyewa awa rake."

Na ce masa kanikawan birni sun fi shi sanin zamani. Wallahi haka na ce masa, a gaban mutane. Ya ninke buhunsa a hankali ya mayar aljihu ya ce, "To. Ni dai ba ni shiga." Shi ke nan, ya rantse ba tare da ya rantse ba.

Shekara uku ana haka. Ranar kasuwar Goronyo in tarar da shi a hanya bisa jakinsa, rana tana dukansa, in tsaya in buɗe masa ƙofar gaba. Sai ya ce, "Tahi abinka, ni ishe ka gaba." Wata rana kuwa ya iske ni. Na ɗauko buhunan albasa, na faɗa tabo, na murɗe sitiyari na taka, sai ji na yi ƙas! Ina zaune bakin hanya, bakanike ya wargaje gaban motar, sai ga kunnuwan jaki sun ɓullo.

"Sannu da hutawa, ɗan Kulu."

Bai ce ya faɗa mini ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Saukowa ya yi ya tsuguna, ya ɗauki giyar da aka ciro yana bin haƙoranta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaro wani zare ya yi 'yan gwaje-gwajensa a ƙarƙashi, ya ƙulla, ya hau jakinsa ya wuce. Ni kuma don taurin kai na sa aka sayo irin wanda ya karye aka mayar. Bayan wata biyar ya sake karyewa a tabon nan dai, na sake mayar da irinsa. Jinin ɗaya ne, ba wanda zai fara saukowa.

Sai daminar da ciwo ya kwantar da shi. Ruwa ya yi yawa, an saki na dam, fadama ta cika, hanyarmu ta zuwa Wurno ta koma kunu. Sista Rifkatu, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, mutuniyar kudancin Kaduna da ta shekara goma a cikinmu, ta duba shi da sassafe ta ce abin ya fi ƙarfinta, lallai a kai shi babban asibiti yau. Motar da za ta iya ratsa tabon nan a duk ƙauyen, tawa ce kaɗai. Na kawo ta ƙofar gida, aka fito da shi kan tabarma, numfashi da ƙyar. Ya ɗaga kai ya ga motar.

"Ba ni shiga."

"Haba Baba!" in ji Sista. "Rai ake magana fa!"

"Shi ni ka magana, ɗiyata. Ta karye tsakiyar tabo, wa ka ɗaukata? Ke?" Sai ya juya wajen matarsa. "Ige, buɗe musu rumbu."

Muka dubi juna, na ce ciwon ya taɓa kai. Inna Ige ta tashi tana tsaki. Aka fitar da dammunan gero, aka fitar, sai ga wani dogon abu a ƙasa, naɗe cikin buhuna. Muka kwance. Aksul ne, jibgege, ya ninka nawa kauri, an shafe shi da giris yana ƙyalli.

"Alhamdu lillahi!" in ji Inna Ige. "Shekara biyu ina dakan gero mai warin gareji, ya hana ni hwaɗi!"

Ashe cikin ragowar motocin aikin dam ya samo shi a wajen masu tsofaffin ƙarafa. Ragon da ya turke ya bayar, aka kawo masa a keken shanu ranar da ba na gari. Haƙoran nan da ya ƙirga da zaren nan da ya ƙulla, duk awo ne, har ya sa an gyara mazaunin ya yi daidai da motata.

Daga hantsi har la'asar muna ɗaurawa, ni da bakaniken ƙauye da maƙwabta. Sista tana zirga-zirga tana duba agogo kamar ta yi kuka. Shi kuwa mara lafiyar yana kwance gindin dogon yaro yana ba da umarni. "Ba nan ba! Ɗaure na hagu tukuna! Kai, wanga hannu ne ko ludayi?" Da aka gama ya ce a jawo tabarmarsa kusa, ya leƙa ƙarƙashi da kansa, sannan ya yarda aka ɗora shi kujerar gaba.

Da muka iso tabon da ya karya ni sau biyu, sai na rage gudu. Ya ce, "Miƙe sitiyari. Taka sannu, kak ka yi hushi da ita." Motar ta nitsa, ta yi gurnani, ta fita kamar a kan kwalta. Kawu ya lumshe ido.

"Yanzu ta zama mota."

Sai na kasa riƙewa. Na ce, "Kawu, shekara biyu abu yana cikin rumbu, kana bin rana bisa jaki. Mi ya hana ka gaya mini?"

"Ka tambaya?" Ya juya yana kallon shinkafar da ruwa ya kwantar a gefen hanya. "Kullum in na ji ƙarar motarka ina cewa yau shina zuwa shi ce, Kawu, ya za a yi? Ba ka zo ba. Rage gudu, ɗan Kulu, in ga gonaki. Ashe ka iya tuƙi."

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma ita ce kaɗai da muka taɓa yi tare a motar nan. Kwanansa shida a asibitin Wurno Allah ya karɓi abinsa.

Aksul ɗin yana nan har yau, bai taɓa ko tari ba. Buhun ma yana wurina, Inna Ige ce ta ba ni. Ranar kasuwar Goronyo, duk inda na hango dattijo bisa jaki sai ƙafata ta sauka daga totur da kanta. Ina kewarsa ƙwarai, kuma na san rashin yi masa tambayar nan ɗaya ne ya hana ni shekara biyu na zama da shi a kujerar nan.

Allah ka jiƙan Kawu Bube, ka yafe masa, ka yafe mini abin da na faɗa masa gaban mutane. Yadda ya gyara mini hanya ban roƙa ba, ka sauƙaƙa masa tasa, ka sada mu a inda ba rabuwa.