Rigar da Na Ɗinka wa Na'ura

Ni na kashe ta, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Da zare da allura na kashe ta, don tsabar ƙauna.

A lokacin ina sakatariya a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Gure, cikin shekarun casa'in. Wasu turawa ne suka buɗe shi don aikin rijiyoyi da burtalin dabbobi. Sun yi shekaru suna yawo a daji tare da tsofaffin makiyaya da manoma, ana nuna musu inda burtali ya bi tun zamanin kakanni, ni kuma ina bugawa. Da wa'adinsu ya cika suka tattara suka tafi, suka bar mana na'urorin kwamfuta uku: ƙanana biyu da muke bugu a kansu, da wata babba mai tsayin turmi da ke tsaye a kusurwa. Ita ce uwar, duk abin da muka buga a cikinta yake zama. Takardun asali gara ta riga ta yi biki da su a cikin kwali. Faifan ajiyar nan da muke kira disket kuma zafi ya lalata su, ko ɗaya ba ya buɗewa.

Duk wanda ya zauna Gure ya san rairayi. Ka rufe ƙofa, ka rufe taga, ka tarar da shi a cikin tuwo. Mu kuwa a gidanmu ba a barin abu mai daraja tsirara. Keken ɗinkin innata yana da riga, rediyon babana yana da riga. Sai na dubi wannan uwar na'urori tana shaƙar rairayi kullum, tausayinta ya kama ni. Na sayi yadi mai kauri, na yi mako biyu ina yi masa ado da jan zare da kore, na zura mata tun daga sama har ƙasa. Ta gaba kawai na bar 'yar taga don a riƙa ganin fitilunta. Wa ya gaya mini ta baya take numfashi? Babu wanda ya gaya mini. Duk wanda ya shigo ma yaba ɗinkin yake yi.

Ta jure har tsakiyar bazara. Wata ranar Talata da hantsi muka ji "tas!", sai ƙauri ya cika ɗakin, fitilun suka mutu.

Shef ɗinmu, wato shugaban biron, wani mutumin Damagaram mai son taye ko ana zafin da ke narka kwalta, ya zo ya tsaya a kanta ya riƙe ƙugu. Ya ce ta mutu, za a saka ta a mota mako mai zuwa a kai Yamai. Na san abin da ake nufi da kaiwa Yamai. Injin buga takardarmu na farko ya tafi Yamai shekara biyu ke nan, ko gaisuwa bai aiko ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne saura kwana goma a yi zaman shari'a gaban kumandan, mai mulkin yankinmu. Wani mai hali ya share gona ya cinye bakin burtalin da ke gangarawa zuwa rijiyar wani kwari ta wajen Alakos, ya kuma rantse cewa burtali bai taɓa bi ta nan ba. In aka toshe wurin, shanun ruga shida ba su da hanyar ruwa sai ta cikin shuka, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan saniya a cikin shuka. Tsohon da ya nuna wa turawa iyakar ya rasu bara. Maganarsa, da sunayen manoman da suka tsaya suka amince ran nan, ni na buga su da yatsuna. Yanzu ba su a ko'ina a duniya sai cikin wannan gawar da ke sanye da rigata.

Ƙanen marigayin, wani dattijo siriri da nake kira Baffa, ya zo washegari ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa. Ya ce, "Ɗiyata, an ce akwatin ya ƙone. Maganar yayana ma ta ƙone?"

Na ce, "Ba ta ƙone ba, Baffa." Wallahi ban sani ba a lokacin. Bakina ne ya riga ni.

Na shiga wurin shef na ce a ba ni izini in kira mai gyaran rediyo na kasuwa. Ya yi dariya har da buga tabur. "Madam, ke sakatariya ce. Wannan aikin injiniya ne. Mai gyaran rediyo! Gobe kuma ki ce a kira wanzami."

Na ce, "Mushe," don haka muke cewa yallaɓai da Faransanci, "ni na kashe ta, ni zan tashe ta."

Ya ce bai yarda ba, in na taɓa ta kuma in kuka da kaina. Na ce na ji. Makullin ɗakin dama a hannuna yake zama, sai na ƙulle shi a haɓar zanena a gabansa, na fita. Ban yi a ɓoye ba, don ba sata nake ba.

Mai gyaran rediyon dattijo ne, iyayensa fatake ne daga Najeriya, rumfarsa cike da gawarwakin rediyo da talabijin. Bai taɓa buɗe irin wannan na'ura ba, ya kuma faɗa mini haka tun a hanya. Da ya shigo ya ɗaga rigar, ya leƙa baya, ya daɗe yana kallona.

"Hajiya, wa ya toshe mata hanci?"

Na ce ni ce. Ya ce, "Ɗinki dai ya yi kyau."

Ya kwance kusoshi huɗu ya zaro wani akwatin ƙarfe daga cikinta, inda wayar wuta ke shiga. Ya ce nan ne cikinta: shi ke karɓar wutar gari ya tausasa ta ya raba wa sauran sassa. Ya shinshina shi, ya shinshina sauran wuraren, ya ce ƙaurin a nan kaɗai yake. "Ƙwaƙwalwar ban san ta ba, ba zan taɓa ta ba. Amma wuta wuta ce, ko a rediyo ko a jirgin sama." Na kai hannu zan taɓa, ya doke mini yatsa da turnabis ɗinsa na kwance kusoshi, ya ce akwai masu riƙe wuta a ciki ko an zare waya, sun isa su jefar da ni.

A rumfarsa ya nuna mini ɓarnar. Wasu 'yan gwangwanaye biyu sun kumbura sun yi amai, wani abu mai ƙafa uku ya yi baƙi ƙirin, fankar kuma ta cije. Ya sa tsinke ya zaro abin da ya cije ta: rairayi ne cakuɗe da jan zare da kore. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwangwanayen ya ciro su daga wata matacciyar talabijin. Mai ƙafa ukun ne babu irinsa a duk Gure, sai ya naɗe ƙonannen a takarda ya ba wani direban da ke zuwa Maiduguri. Kwana biyar ina sintiri tsakanin biro da tasha. Shef ya daina amsa gaisuwata. Ranar da motar Yamai ta zo ya aiko a karɓi makulli, na ce a gaya masa na'urar ba ta da ciki, in yana son aika fanko ga ta nan. Motar ta tafi ba ita.

Da abin ya iso, malamin ya liƙa shi da dalma, ya wanke fankar da kananzir. Bai yarda ya haɗa da na'urar kai tsaye ba, sai da ya gwada da ƙwan fitilar mota, ya bar shi yana ci tun azahar har la'asar. Gwangwanayen talabijin sun fi na asali girma, murfin ya ƙi rufuwa, don haka aka ajiye akwatin a waje kan bulo biyu, wayoyi na reto. Muni kam ta yi muni. Ya ce, "Bismillah, ke kika kashe, ke za ki danna."

Na danna. Fanka ta juya, fitila ta kawo kore, ta yi 'yan ƙorafe-ƙorafenta na kullum, rubutu ya hau gilashi. Ban tsaya guɗa ba. Na buga takardun burtalin nan kofi uku a take, ɗaya na kai gida na sa a ƙarƙashin katifa.

Ranar zaman ni aka sa in karanta, ina juyawa daga Faransanci zuwa Hausa. Daga aduwa mai rami, a bi gabas da goriba uku, a bar tsohuwar rijiya a hannun dama. Na karanto sunayen waɗanda suka shaida, na huɗu mahaifin mai gonar ne. Mai gonar ya janye rantsuwarsa, kumandan ya ce a buɗe burtalin. Baffa kuwa ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Da aka tashi ya ce mini, "Haka yayana yake magana. Ko goribar nan haka yake lissafa su."

Washegari shef ya kira ni ya ce in zauna in buga takardar gargaɗi, ta rashin biyayya da taɓa kayan aiki ba izini. Sunana ne a sama. Ya faɗa ina bugawa, a kan na'urar da ya ce ta mutu. Na gyara masa kuskure biyu na Faransanci, na miƙa ya sa hannu.

Takardar tana nan a akwatina har yau, naɗe cikin rigar nan mai jan zare. Ruwan farko ya sauka bayan mako guda, aka yi shuka, shanun su Baffa suka bi gabas da goriba uku suka gangara suka sha ruwa.