Ranar da Rabi Ta Tona Asirin Baba

A gidanmu na Urafane, in an gama tuwon magariba, Kaka Hure, mahaifiyar babanmu, takan jawo tabarmarta kusa da murhu, ta ƙara karan gero kan garwashi. Mu jikokinta mu kewaye ta, kowa na gasa 'yar gyaɗarsa a toka. Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Guda ce ta zauna, saboda abin da ya jawo ta.

Wata ranar kasuwa abokan Baba suka zo daga Issawane sayar da raguna, suka sauka a zaurenmu. Inna ta dama musu fura. Ƙanwata Rabi, mai shekara uku, ta nace ita za ta kai ludayi. Ta miƙa wa mafi tsufansu, ta dafa gwiwarsa ta ce, "Sha, sanyin idona, ka gaji."

Tsohon ya tambaye ta wa ya koya mata.

"Baba ke ce ma Inna haka in ta dawo daga rijiya."

Zaure ya kaure da dariya. Baba ya rasa inda zai sa kansa. Da baƙin suka tafi ya yi wa Rabi faɗa, kuma kwana uku bai ce wa Inna komai ba bayan "sannu". Inna ta daina 'yar waƙar da take yi wajen daka.

A maraice na uku Baba na gefe yana tufkar igiya. Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tahe, wa zai ba ta tabarma?"

"Ta zauna mu ji ta," muka amsa.

Wata tsohuwa ce, in ji ta, za ta yi doguwar tafiya, tana neman gidan da za ta bar amanar saniyarta guda. Kowane maigida ya rantse mata gidansa ya fi zaman lafiya. Ita kuwa ba ta saurare su ba. Ta zauna gindin gawo inda yara ke wasan 'yar tsana. Ɗiyar mai rumbuna bakwai tana dungurin tata tana cewa, "Tashi, marar amfani." Ɗiyar mai haƙar rijiya kuwa ta goya totuwar masara tana lallashi: "Sannu, 'yar albarka, kin sha rana." Tsohuwa ta bi ɗiyar mai haƙar rijiya har gida ta ɗaure saniyar. Ba ta sake dawowa ba, saniya ta yi ta haihuwa har garke ya cika.

"Mi ya sa ba ta tambayi manya ba?" na ce.

"Manya sun iya gyara magana. Yaro kuwa abin da aka zuba mashi yake zubowa." Ta juya ƙeya ga ɗanta. "Ni dai da a ce ɗiyata ta tona ni da irin wagga magana, da rago zan yanka."

Baba bai ɗago ba, amma na ga kafaɗunsa na rawa da dariya. Washegari da Inna ta sauke tulu, ya ce mata "sanyin idona" a gabanmu duka. Ta ruga ɗaki da mayafi a fuska.

Na ɗauki abin labarin ban dariya har na girma, na yi aure, na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Wata rana na ji ɗana Sani, mai shekara huɗu, yana ce wa motarsa ta gwangwani, "Bari, ina sauri." Muryata ce sak. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, na gane cewa kunyar Baba ta fi tawa daɗi nesa ba kusa ba.

Ban yi wa yaron wa'azi ba. Bakina na gyara. Bayan wata biyu uwarsa ta kira ni ta taga. Sani na tsugune gaban kazar maƙwabta yana watsa mata tsaba, yana cewa, "Ci a hankali, ina nan, ba inda za ni."