Hamsatou Mai Koko da Jar Ƙwaya

Hamsatou 'yar Madawa ce, ta ƙasar Tawa. Ta biyo mijinta Hama zuwa Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa tana kiran baƙar fata 'yan uwa, lokacin da motocin Agadas ke sauke mutane kamar buhunan gero. Hama na gadi a wata gonar dabino a bayan gari, sai Juma'a yake shigowa. Ita kuwa ta kafa tukunya a bakin wani gareji a unguwar Manshiya, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana. Duk leburan da ke tsayawa bakin titi jiran mai ɗaukar aiki sun san ludayinta, sun kuma san bakinta, don ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

A shekararta ta biyu tarin fuka ya kama ta. Ta rame har zane yana zagaye ta sau biyu, ta kife tukunya. A asibiti aka auna kakinta, aka ɗora ta kan sikeli, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita ta yi mata bayani da Larabci da nuni da hannu. Jar ƙwayar nan magani huɗu ne aka haɗe wuri guda. Nauyin mutum ne ke faɗin nawa zai sha, a sha da safe ciki ba kome. Fitsari zai yi ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ido ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a dawo asibiti ranar. Wata shida Hamsatou ta yi ba ta tsallake kwana ɗaya ba, ta warke, ta koma bakin murhunta.

Bayan shekara uku, ciwon ya faɗa wa Chékaraou, wani magini ɗan garinsu da ke kiran ta Yaya. Yana kwana a unguwar Hajara, ɗaki guda su tara. Ita ta ji irin tarinsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti, yana ta noƙewa don tsoron kada a ce ba shi da lafiya a mai da shi gida. Aka yanka masa ƙwaya uku kullum, duk mako biyu ya je ya karɓo. Cikin kwana ashirin zazzaɓi ya sauka, ya fara cinye kwano biyu. Hamsatou ta yi hamdala, hankalinta ya koma kan wasu.

Wata rana da azahar wani ɗan ɗakin su Chékaraou mai suna Abdoul Aziz, mai kwaɓa siminti, ya zauna gabanta yana juya shinkafa da cokali bai kai baki ba. Ya ce ƙamshin mai ma tayar masa da zuciya yake yi. Ta ce ya ɗago kai ya dubi rana. Farin idonsa ya koma kamar an jiƙa shi da gangamau. Ta tambaye shi abin da yake sha. Ya ce ƙwayoyin ciwon jiki ne da yake haɗiya safe da yamma saboda aiki, sai kuma jar ƙwayar nan mai wanke jini da Baba Assoumane ke raba musu.

Ludayin da ke hannunta ta ajiye. Ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, ta sa Abdoul Aziz a taksi ta kai shi asibiti, aka kwantar da shi nan take, aka ce hanta ce ta kumbura. Daga nan ba ta koma Manshiya ba, Hajara ta nufa.

Assoumane dattijon ɗakin ne, ya fi shekara ashirin a wannan yanki na Fezzan. Shi ke nemo wa baƙi aiki, shi ke fito da wanda 'yan sanda suka kama, maganarsa ba a mayarwa. Ta same shi a tsakar gida yana dafa shayi, Chékaraou na gefe yana wanke ƙafa. Ta gaida shi kamar yadda ya kamata, sannan ta tambaya ina maganin Chékaraou.

Dattijon bai ɓoye ba, alfahari ma yake yi. Ya ce da ya ga yaron ya miƙe, ya ga kuma Abdoul Aziz na tari amma ba shi da takardu, sai ya raba: ɗaya ga mai ita, biyu ga mai sabon tari. A ɗakinsu ba a cin abu a hana ɗan uwa. Kuma ga shaida, fitsarin Abdoul Aziz ya yi ja, dattin jini na fita.

"Baba, wa ya auna Abdoul Aziz?" in ji ta.

"Tari ai tari ne, 'yata."

"Wa ya auna shi, Baba? Wanda aka auna kun rage masa, wanda ba a auna ba kun ɗura masa. Ga shi can kwance, hantarsa ta kumbura. Wannan ba goro ba ne da za a fasa a ba kowa ɓari."

Assoumane ya ce tun ba ta san hanyar Sabha ba yake riƙon mutane, mace mai tuyar ƙosai ba za ta koya masa zumunci ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, har yau in ta tuna sai muryarta ta canza: mutum na kwance rai a hannun Allah, shi kuwa girmansa yake karewa. Ta juya kan Chékaraou. Shi da aka yi wa bayani a gabanta, shi da ya ga yadda ta yi wata shida, yaya zai miƙa maganinsa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, Baba ne ya ce. Kuma ni na ji sauƙi."

Ta ce masa sauƙin nan shi ne tarkon. Ciwon ya kwanta ne, bai mutu ba, kuma ƙwaya ɗaya ba ta kashe shi, saba masa da magani take yi. Ta miƙa hannu, ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalin daga ƙarƙashin katifar Assoumane ya ba ta.

Washegari ta kai shi asibiti ta sa shi ya faɗi gaskiya da bakinsa, wata guda da kwana goma yana shan ɗaya maimakon uku. Aka auna kaki, ciwon na nan. Aka ce sai an sake daga farko, wata takwas, har da allura kullum a watanni biyun farko. Abdoul Aziz kuwa da aka auna shi ba a ga tarin fuka ba ko kaɗan. Ƙurar siminti ce ke sa shi tari.

Tun daga ranar kwalin Chékaraou ya koma cikin kwandon Hamsatou. Bayan sallar asuba zai zo ya haɗiye ƙwayoyinsa da ruwa a gabanta, ya zauna kan benci sai awa ta cika kafin ta zuba masa koko. Ta duba idonsa, ta tambaye shi ko yana gani sosai. Assoumane ya hana 'yan ɗakinsa cin abincinta, ya ce ta raba kan 'yan uwa. Mako uku suka daure, yunwa da tuwon wani wuri suka dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Kafin shekara ta ƙare, kwali huɗu ne a kwandon, na mutanen da suka kawo da kansu, har da wani Bakano mai gyaran taya.

Chékaraou ya cika watanninsa, aka auna aka ce ya warke, ya ci gaba da gini har ya yi aure. Abdoul Aziz ya fito asibiti bayan kwana goma sha tara, amma ƙarfin ɗaukar buhun siminti bai dawo ba. Ya so ya wuce Turabulus, sai ga shi a motar da ke komawa kudu. Ranar tafiyarsa Hamsatou ta ɗaure masa garin ƙuli-ƙuli da dabino, ta ja masa kunne kada ya sha ƙwayar da likita bai rubuta ba. Assoumane ma ya zo tasha, ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa doguwar addu'a, ya ce ciwo daga Allah yake. Hamsatou na tsaye tana ji. Ta gyara lulluɓinta ta tafi tun kafin a shafa fatiha.